Mizajur ta katse, yanzu Ubuntu da Windows duka sun ƙi tashi

Ɗan_Keita:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah a taimaka mini, hankalina a tashe yake. Ina da Dell Latitude 7490 ta hannu, Windows 10 da Ubuntu 22.04 a diski ɗaya, shekara biyu ke nan muna tare lafiya lau. Jiya bayan isha'i saƙo ya fito cewa akwai sabuwar Ubuntu 24.04, sai na yarda. Ta gama saukewa, tana tsakiyar girkawa aka ɗauke wuta a unguwarmu. Batirina ya daɗe da mutuwa, ko minti biyar ba ya riƙewa, ordi ta mutu nan take. Da wuta ta dawo na kunna na zaɓi Ubuntu, sai baƙin allo cike da rubutu, layin ƙarshe shi ne:
Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)
Yau kuma Windows ma ta ƙi, shuɗin allo take ba ni. Memwar ɗina na master duka yana gefen Ubuntu: rubutun, taswirorin QGIS, da bayanan rijiyoyin da na yi wata biyu ina bi ƙauye-ƙauye ina aunawa tsakanin Keita da Bouza. Saura sati uku in miƙa. Kwafin da ke kile na watan Janairu ne, ba shi da babi biyu na ƙarshe.

Baban_Nana:
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya kawo mafita. Abu ɗaya zan ce kafin masana su iso: kada ka bari kowa ya formate ta. Ko wane ne.

Gyara_Katako:
Kawo ta shago gobe da safe. In bazara ta kama irin wannan ba ya yanke mana. Mu ciro abin da ya ciru, mu zuba Windows sabuwa, ka koma aikinka. Amma gaskiya biyun nan a diski ɗaya wahala kawai kuke ɗora wa kanku.

Hadiza_SIG:
@Gyara_Katako yayana, da me za ka ciro? Fayilolinsa a kan ext4 suke, Windows ba ta karanta shi. In ka jona diskin a wata ordi mai Windows, gani za ka yi kamar wurin babu komai, wani lokaci ma ta tambaye ka ko a formate. Yaron shago ya danna "Oui" ba da saninsa ba, wata biyun nan na Keita sun tafi.
@Ɗan_Keita menu ɗin GRUB, wanda kake zaɓar Ubuntu ko Windows a ciki, yana fitowa, ko? In yana fitowa, kada ka zaɓi layin farko. Shiga "Options avancées pour Ubuntu", za ka ga karnel, wato zuciyar Ubuntu, fiye da ɗaya. Zaɓi tsohon, wanda ke ƙasa. Ka gaya mana abin da ya ce.

Ader_Tawa:
Ɗan'uwa, ba wancan abin na watan Agusta 2024 ba na? Lokacin da wata mizajur ɗin Windows ta hana ma Linux tashi ga masu Secure Boot, saitin tsaro na lokacin tashin ordi, an yi ta zancenai ga intanet. In shi na, kashe Secure Boot ɗin kawai ka gani.

Hadiza_SIG:
A'a, wancan saƙonsa daban ne. "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation" yake rubutawa, kuma tun kafin menu ya fito yake tsayawa. Shi nasa ya wuce menu, karnel ne ya faɗi. Kada ya taɓa Secure Boot yanzu.

Ɗan_Keita:
Na gwada yaya Hadiza. Guda biyu ne, duka 6.8.0, lambar ƙarshe ce ta bambanta. Na ƙasan ya yi ɗan jira sannan ya rubuta "ALERT! UUID=... does not exist. Dropping to a shell!" ya bar ni a wani wuri mai suna (initramfs). Na rubuta ls /dev/nvme* kamar yadda na gani a wani wuri, babu komai. Kuma haruffa sun rikice, in na danna a sai q ya fito.

Gyara_Katako:
To ai ka ji. Diskin ne ya ƙone. Wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, SSD ba ya jure wannan. Ni ba na ɓoye wa mutum gaskiya.

Zinariya_05:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ma bara ta same ni, hotunan aurena duka. Allah ya sa naka ya dawo.

Malam_Tux:
A dakata tukuna, kada a kashe diskin da baki. Bai mutu ba, ga dalilina. Menu ɗin GRUB da kake gani daga ina aka karanto shi? Daga diskin. Karnel ɗin da ya faɗi, da tsohon da ya kai ka (initramfs), su ma daga diskin. Da ya ƙone, ko menu ba za ka gani ba, tambarin Dell ne zai fito sannan a ce maka ba a sami abin tayarwa ba.

Saƙon farko kuwa sananne ne. Kowane karnel yana da abokin tafiya a /boot mai suna initrd.img, ƙaramin ƙunshi ne mai ɗauke da direbobin da karnel ke buƙata don ya buɗe diskin. Ana haɗa shi ne can wajen ƙarshen girkawa. Wuta ta katse bayan an ajiye sabon karnel, kafin a haɗa masa nasa. Shi ya sa ya tashi bai san ta inda zai shiga ba. Wannan gyaran minti goma ne.

Abin da bai zauna mini ba shi ne Windows. Mizajur ɗin Ubuntu ba ta rubuta komai a partisiyon ɗin Windows, don haka ba ita ta kayar da ita ba. Kuma tsohon karnel yana da nasa initrd, bai kamata ya rasa diskin ba. Wani abu ya faru tsakanin daren jiya da safiyar yau. Ƙanena, amsa mini uku: jiya bayan wuta ta dawo Windows ta tashi? Wace kalma ce a ƙasan shuɗin allon? Wa ya shiga BIOS, saitin ordi da ake shiga da F2?

Batun haruffa kada ya dame ka. A wurin nan kilabiyen Amurka ake ɗauka, naka kuwa AZERTY ne, shi ya sa a da q suka yi musanya, haka z da w, m kuma ya koma wani wuri.

Ɗan_Keita:
Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Jiya Windows ta tashi lafiya, da ita ma na yi ta bincike har ƙarfe biyu. Da safe abokin zamana ya ce bari ya gwada, ya danna F2 ya shiga, ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Da yardata ya yi, ina tsaye. Ban kawo a raina cewa yana da alaƙa ba. Kalmar ita ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Malam_Tux:
Alhamdulillah, ga bakin zaren. Matsala biyu gare ka, ba ɗaya ba, kuma ta biyun ta fi sauƙi. Kunna, danna F2, shiga System Configuration, sannan SATA Operation. Ina kyautata zaton za ka tarar an koma "RAID On". Mayar da shi "AHCI", ajiye, fita. Kada ka taɓa komai bayan wannan.

Abin da ya faru: irin waɗannan Latitude da RAID On suke fitowa. Wanda ya girka maka biyun dole ya sauya zuwa AHCI, don in diskin NVMe ne kuma yana ƙarƙashin RAID ɗin Intel, Linux ba ya ganinsa ko kaɗan. Windows ɗinka ita ma a kan AHCI aka girka ta, da direban da ya dace da shi. Da aka juya saitin, ta nemi diskin ta ƙofar da ta saba ba ta same shi ba. Ma'anar kalmar da ka gani ke nan.

Abdul_Yantala:
Kafin ya danna, a tambaye shi: akwai BitLocker, mai kulle diski, a Windows ɗin? Ni na taɓa sauya abu ɗaya a BIOS, da na dawo sai shuɗin allo yana neman lamba mai alƙaluma 48. Ordi ta hannu ce, ban san ma a kulle take ba. Kwana huɗu ina nema kafin na tuna da adireshin da na buɗe ta da shi, na tarar da lambar a ajiye a asusun Microsoft. Da ban tuna ba, babu mai buɗe ta, ko a Katako ko a ko'ina.

Malam_Tux:
Tambaya mai kyau. Amma da akwai shi, tun da safe da aka juya BIOS da wataƙila ya riga ya nemi lambar. In ya nema yanzu, a tsaya a gaya mana.

Ɗan_Keita:
ALLAHU AKBAR. RAID On na tarar kamar yadda kuka ce. Na mayar AHCI. Windows ta yi "Réparation automatique", na ce ta sake tashi, ga ni a kan biro. Ba ta nemi wata lamba ba. Hannuna har rawa yake. Yanzu in koma in gwada tsohon karnel?

Hadiza_SIG:
A'a. Kwafi tukuna, gyara daga baya. Ka ga diskin da ransa, to a fitar da memwar kafin a sake taɓa komai. Kana buƙatar kile mai Ubuntu da za ka tayar da ordi daga kansa. Kada ka ƙona forfe ɗinka wajen saukewa, ISO ɗin 24.04 ya kusa giga 6, da rezon dare ma sai ka kwana kana jira. Ina da kile mai shi a ciki, da kuma diskin waje da zan iya ara maka. A ina kake?

Ɗan_Keita:
Harobanda, bayan fakilte.

Hadiza_SIG:
Ni ina Yantala. Hau kabu-kabu ka tsallako gadar Kennedy bayan la'asar, ƙanena zai fito maka da su bakin titi. Zan turo maka lamba ta gefe.

Gyara_Katako:
To Malam, na karɓa, diski bai ƙone ba. Na yi gaggawa. Amma a yi mini adalci, a shago mutum yana tsaye a kanka yana son abinsa kafin azahar, ga wasu biyar a layi. Ba kowa ke da lokacin bin zare kamar haka ba. Wannan na RAID ɗin kuwa na rubuta shi a littafina, don na tabbata na taɓa formate wadda ciwonta ke nan.

Tsoho_Boukoki:
Alhamdulillahi da aka kai nan. Amma ɗana, bari in tambaye ka tsakani da Allah: me ya kai ka? 22.04 tana da tallafi har 2027. Babu abin da ya kore ka daga kanta. Saura sati uku ka miƙa aiki, batiri matacce, ga bazara da wuta ke zuwa tana komawa, sai ka ɗauko aikin da ke sauya dubban fayiloli na tsawon awa ɗaya ko biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba faɗa nake maka ba, don masu karantawa nake faɗa. Na yi shekaru ina kula da injunan ofis, doka ɗaya na riƙe: babbar mizajur sai lokacin hutu, sai an yi kwafi, sai an tabbata da wuta.

Ɗan_Keita:
Gaskiya ne Baba. Na ɗauka irin ƙananan nan ne da ake yi kullum.

Issa_Dev:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa ma biyu? QGIS yana aiki a Windows, R ma haka. In terminal kake so ga WSL, Ubuntu ce a cikin Windows, ba GRUB ba komai. Na bar raba diski tun 2021 ban sake ganin baƙin allo ba.

Ader_Tawa:
Issa, RAM nawa gare ka? Mu nan ɗalibbai da yawa giga 4 ko 8 ag gare su. Ka buɗe Windows, ka buɗe WSL, ka ɗora hoton tauraron ɗan'adam bisa QGIS, ordi ta tsaya cik. Ga Linux kaɗai kau tana tahiya. Kuma Windows ba ta tambayarka in za ta sauke abinta, sai dai ka ga forfe ya ƙare. In za a yar da guda, ni Windows ɗin za ni yarwa. Windows 10 ma ranar 14 ga Oktoba 2025 tallahinta ya ƙare.

Issa_Dev:
Batun forfe akwai saitin "connexion limitée", kunna shi kawai. Kuma 7490 in mai i5 na ƙarni na takwas ce tana ɗaukar Windows 11, tana da TPM 2.0.

Hadiza_SIG:
Ku biyun duka kuna da gaskiyarku, amma ba ku taɓa miƙa memwar ga malamin da ke gyara da Word ba. Ka rubuta a LibreOffice, ka tura, ya buɗe ya ga tebur ya zame, lambar shafi ta koma wani wuri, ya ce ba ka iya aiki ba. Shi ya sa yawancinmu muke riƙe da biyun: lissafi da taswira a can, gyaran ƙarshe a nan. Ba don sha'awa ba ne.

Baban_Nana:
Tunda masana sun taru bari in saka tawa. Tawa ma biyun ne, kuma duk sanda na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai agogo ya koma baya da awa ɗaya daidai. Na gyara, gobe ya sake. Batirin agogon ne?

Malam_Tux:
Ba batiri ba ne Alhaji. Agogo ɗaya ne a cikin ordi, biyun suna karanta shi ta hanya daban. Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a ciki, Windows kuma ta ɗauka lokacin gari ne. Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya, ga awarka da ke ɓacewa. A Ubuntu rubuta:
timedatectl set-local-rtc 1
Zai yi maka ɗan gargaɗi, amma mu da ba ma sauya agogo rani da damina ba abin da zai same mu.

Baban_Nana:
Shekara guda ina fama da wannan. Allah ya saka da alheri.

Ɗan_Keita:
Na karɓo kile da diski, na gode yaya Hadiza, Allah ya bar zumunci. Na danna F12 na zaɓi kile, na ɗauki "Essayer Ubuntu", na sa kilabiye Français. lsblk -f ya nuna: nvme0n1p1 vfat, p2 babu komai, p3 ntfs, p4 ntfs ƙarami, p5 ext4. Me ke gaba?

Malam_Tux:
Madalla. p1 shi ne na EFI, inda masu tayar da biyun suke zaune. p3 Windows ce. p5 naka ne. Buɗe shi don karatu kawai, yadda ba abin da zai rubutu a kai:
sudo mount -o ro,noload /dev/nvme0n1p5 /mnt
ls /mnt/home
In ka ga sunanka, jona diskin waje ka kwashe dosiyen gaba ɗaya da sudo rsync -rt --progress. Gaba ɗaya na ce, kada ka tsaya zaɓe. Akwai ɓoyayyun dosiye masu farawa da ɗigo, saitin QGIS ɗinka yana cikin .local/share/QGIS.

Hadiza_SIG:
Diskin nawa exFAT ne, babba ko ƙarami duk zai shiga. Na faɗa ne don wanda zai yi da kile na FAT32, shi ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, kuma hotunan tauraron ɗan'adam in an haɗe su suna wucewa. In kana da Zotero, shirin ajiye littattafan da kake ambata, duba dosiyensa ya shiga. Da ka gama, buɗe memwar ɗin daga diskin waje ka gani da idonka, har babin ƙarshe. Kada ka yarda da "ya gama" kawai.

Ɗan_Keita:
Ya shiga duka, giga 61. Na buɗe babi na biyar, har jimlar da na tsaya a kanta shekaranjiya tana nan. Teburin rijiyoyi ma yana nan. Wallahi sai da na yi sujada. Na tura rubutun a imel ɗina, na kuma tura wa yayata a Tawa.

Zinariya_05:
Alhamdulillah! Na ji daɗi kamar nawa ne. Malam, nawa na bara fa? An riga an formate, an zuba Windows a kai. Akwai fata?

Malam_Tux:
@Zinariya_05 ƴar'uwa, ba zan sa miki rai da yawa ba. Akwai PhotoRec, kyauta ne, yana tono hotuna daga wurin da ba a rubuta sabon abu a kai ba. In tsohon diski ne mai juyawa, a gwada, wani abu na iya fitowa. In SSD ne kuma shekara guda ana aiki da shi, da wuya ƙwarai. Ki tambayi dangi da mai hoton, sau da yawa a can ake samu.

Issa_Dev:
Tunda kaya sun fita, sa Boot-Repair kawai daga kile ɗin, danna "Réparation recommandée", a wuce wurin.

Malam_Tux:
Boot-Repair kayan aiki ne mai kyau, amma ba ciwonsa ba ne. Shi GRUB yake sake girkawa, GRUB ɗin yaron nan kuwa lafiyarsa ƙalau. Abin da ya karye shi ne girkawar da ta tsaya a rabi: wasu fakiti na 24.04, wasu na 22.04, wasu an buɗe ba a saita ba. Sai an ƙarasa ta.

@Ɗan_Keita ka fara cire shi, sudo umount /mnt, sannan sudo fsck -f /dev/nvme0n1p5, ya duba ya gyara partisiyon ɗin, don wuta ta yanke shi yana cikin rubutu. Bayan nan cire kile, tashi da tsohon karnel. In allon shiga bai fito ba kada ka tsorata, danna Ctrl+Alt+F3 ka shiga da sunanka. Sai waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:
sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo apt full-upgrade
Ba zai ci forfe sosai ba, don an riga an sauke fakitin kafin a fara girkawa, suna nan a /var/cache/apt/archives. In kana buƙatar intanet jona wayarka da waya ta USB ka kunna rabawa, ya fi sauƙi a wurin nan.
Amma kafin komai: a ina za ka yi? Kada a maimaita ta jiya.

Tsoho_Boukoki:
Tambayar da nake jira ke nan. Nemi wurin da ke da sola ko gurup.

Gyara_Katako:
Ya zo shagona, ina da ondilar da batirin sola, ba zan karɓi ko dala ba. In duba masa batirin ordin ma. Kuma ina so in ga yadda ake yi da idona.

Abdul_Yantala:
A kan batirin nan, ni shawarata ya sayi batiri ba ondilar ba. Ƙaramin ondilar minti kaɗan yake ba ka, kuma zafin Yamai yana cinye batirinsa da wuri. Batirin ordi kuwa duk inda ka je yana tare da kai.

Ader_Tawa:
In an samu na ƙwarai. Na sayi guda bara, wata ukku ya kumbura har ya ɗaga kilabiye. A duba da kyau kahin a biya.

Gyara_Katako:
Akwai na asali da aka ciro daga wata, akwai sabo na kwaikwayo. Ni nakan gaya wa mutum wanne ne, ya zaɓa. Kumburarre kuwa a cire shi ranar, ba a wasa da shi.

Ɗan_Keita:
Ina shagon yaya Gyara tun ƙarfe tara. fsck ya gyara abubuwa kaɗan, na yi ta danna y. Tsohon karnel ya tashi amma farin allo ne mai cewa wani abu ya lalace, na yi Ctrl+Alt+F3 na shiga. dpkg ya ɗauki kusan minti arba'in. Sau biyu ya tsaya yana tambaya ko in riƙe tsohon fayil ko in karɓi sabo, na karɓi sabo. An ɗauke wuta sau ɗaya muna ciki, ondilar ya riƙe. Yanzu duka ukun sun gama ba kuskure. In sake tayarwa?

Malam_Tux:
Tsaya. Rubuta ls /boot ka duba: kowane vmlinuz yana da initrd.img mai lamba irin tasa? In sabon ba shi da shi:
sudo update-initramfs -c -k sannan lambar karnel ɗin cikakkiya yadda take a rubuce, har da -generic
Bayan nan sudo update-grub, ka karanta abin da ya rubuta kafin ka tayar.

Ɗan_Keita:
Yana da shi, dpkg ya haɗa da kansa. Na tayar. Ubuntu 24.04 ta buɗe, fayilolina duka suna nan, wifi yana aiki. Amma yanzu Windows ta ɓace daga menu. Da na yi update-grub na ga layin nan: "Warning: os-prober will not be executed to detect other bootable partitions."

Issa_Dev:
Kun gani ko? Ka toshe nan, can ya ɓalle. Abin da nake faɗa ke nan.

Hadiza_SIG:
Ba ta ɓace ba, danna F12 lokacin tashi za ka ga Windows Boot Manager, tana nan daram. Menu ne kawai bai lissafa ta ba. os-prober shi ne ɗan shirin da ke leƙa diski ya nemo sauran tsarin, kuma tun GRUB 2.06 masu shi suka bar shi a kashe sai in an ce a kunna. Buɗe sudo nano /etc/default/grub, ƙara wannan a ƙasa:
GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false
Ajiye, sake sudo update-grub. Ka ga layin da ke cewa an sami Windows Boot Manager kafin ka rufe.

Malam_Tux:
Haka ne. Ina zaton ɗaya daga fayiloli biyun da ka karɓi sabo shi ne wannan. Kuma tunda kana shiga Windows, kashe "démarrage rapide" a saitin wuta. In yana kunne ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi ta bar partisiyon ɗinta a riƙe, sai Ubuntu ta buɗe shi don karatu kawai ko ta ƙi.

Gyara_Katako:
Na ga komai da idona yau. Abin da ya ba ni mamaki, ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Amma awa huɗu muka yi. Har yanzu ina cewa ga wanda ba shi da memwar a ciki, formatewa ta fi sauri.

Tsoho_Boukoki:
Ta fi sauri ga mai gyara. Mai kaya shi zai yi sati yana mayar da shirye-shiryensa.

Ɗan_Keita:
Windows ta dawo menu, na gwada biyun sau uku-uku. Allah ya saka wa kowa da alheri, Malam, yaya Hadiza, yaya Gyara da bai karɓi komai ba har shayi ya ba ni. Batirin sai ƙarshen wata in bursi ta fito. Saura abu ɗaya: QGIS ba ya nan. Na nema a menu babu, a terminal ma an ce ba a san shi ba. Taswirori huɗu suka rage in fitar.

Hadiza_SIG:
Daga ma'ajiyar QGIS ɗin kanta ka girka shi a da? In haka ne, babbar mizajur tana kashe ma'ajiyoyin waje. Sai an tabbata noble take cewa, sunan 24.04, ba jammy na 22.04 ba, an kunna, sannan a sake girkawa. Amma kafin ka buɗe aikinka da sabon, yi kwafin fayil ɗin .qgz, don in sabon ya ajiye a kai tsohon na iya ƙin karanta wasu abubuwa.

Ader_Tawa:
Ko shi girka QGIS ɗin ga Windows shi hidda taswirorin huɗu, shi bar Ubuntu ta huta har bayan sutnans. Mi ad dalilin sake taɓa apt yanzu?

Malam_Tux:
In ya yi haka sai ya kwashe bayanan zuwa gefen Windows, in kuma hanyoyin fayilolin cikakku aka ajiye, sai ya bi kowane shafi ya nuna masa inda yake. Ban ce ba zai yiwu ba. @Ɗan_Keita turo mana abin da ls /etc/apt/sources.list.d ya nuna, da kuma wane QGIS kake da shi a da in ka tuna, mu gani wanne ya fi kusa.

Ɗan_Keita:
An ɗauke wuta Malam, da waya nake rubutu. Da ta dawo zan turo.